Hannun Hagun Manasseh

A unguwar Yelwa, a bakin hanyar da ke gangarawa kasuwa, akwai wata bishiyar dalbejiya da tsofaffin tayoyin keke suke rataye a rassanta. A ƙarƙashinta Manasseh yake gyaran kekuna tun kafin Jalingo ta zama babban birnin jiha. Kayan aikinsa ba su da yawa: benci ɗaya, famfo, kwanon ruwa na neman huda a tub, da akwatin sifanoni. Wanda ya kawo masa keke karo na farko yakan fara kallon hannunsa na hagu kafin ya kalli fuskarsa. Ya saba. Yakan bari mutum ya gama kallo, sannan ya tambaye shi abin da ke damun keken.

Hannun ba ya miƙewa, ba ya kuma lanƙwashewa. Yana nan a tanƙware daga gwiwa, ya ɗan buɗe daga jiki, har ana iya zura tafin hannu tsakaninsa da haƙarƙari. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya ya faɗo daga kan motar doya a Iware, inda iyayensa suke noma. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa da kara da tsumma. Ƙashi ya haɗu, gwiwa ta ƙage. Yatsun dai lafiyarsu ƙalau, kuma da su yake riƙe ƙafar keke yana juya ta a hankali, hannun dama yana ɗaure wayoyin. A filin ƙwallo ana kiransa Buta, saboda hannun ya yi kama da mariƙin buta. Bai taɓa nuna ya ji haushi ba.

Lamba biyar yake buga wa Taurarin Yelwa, ƙungiyar unguwa ta masu ɗinki da direbobi da ƙananan ma'aikata. Ba shi da gudu sosai, amma ya san inda ƙwallo za ta sauka tun tana sama. Da ba don hannun ba, da babu mai maganar komai.

A filayen Jalingo na wancan lokaci, dokar hannu guda ɗaya ce, kuma kowa ya haddace ta. In ƙwallo ta taɓa hannu, 'yan kallo su ɗauki ihun hannu da Turanci, "Han! Han!", 'yan wasa su tsaya cak, rafali ya hura usur. Ba a tambayar yadda aka yi. Yawancin masu hura usur ɗin malaman firamare ne da aka roƙa, sun gaji dokar daga waɗanda suka hura musu suna yara. Ga mai hannu biyu lafiyayyu wannan ba wani abu ba ne, sai ya maƙale su a jiki ko ya kai su baya. Manasseh ba shi da inda zai kai nasa.

Wanda ya fara gane amfanin haka shi ne Imrana, ɗan gaban ƙungiyar Sunkani, siririn saurayi mai yawan dariya. In ya shigo da ƙwallo cikin sha takwas, wato da'irar gaban raga, ba ya ko kallon raga. Sai ya nemi hannun Manasseh, ya ɗan ɗaga ƙwallon da bakin takalmi, ta bugi hannun, shi ya riga kowa ihu. Sauran ƙungiyoyi suka koya. A kakar wasa ta 1992 an ba da fenariti biyar a kan Taurarin Yelwa, huɗu daga wannan hannun.

Koci Aƙilu, tela ne a kasuwa, mutum mai son gaskiya da saurin fushi, ya zo har gindin dalbejiya. Ya zauna a benci ya daɗe yana wasa da famfo.

"Buta, ba na son in faɗa, amma zan faɗa. Ko ka ɗaure shi, ko ka zauna a waje."

"In ɗaure shi da me, Koci?"

"Kai ne mai roba. Ni allura gare ni."

Manasseh ya ɗauko tsohon tub, ya yanka shi da tsawo, faɗin yatsu uku. Ranar Asabar, kafin a shiga fili, Job mai tsaron gida ya kama hannun ya danna shi a jikin haƙarƙari, ya nannaɗe robar a ƙugu da damtse sau huɗu, ya ƙulle ta baya, aka sa riga a kai. Hannun ya kwanta. Ranar ba a hura masa usur ba, Koci ya yi ta murmushi.

Haka ya yi wasa har wata bakwai. Mutum mai gudu da hannu ɗaya a ɗaure, in ya tashi faɗuwa da kafaɗa yake sauka, ko da fuska. Wannan bai dame shi ba. Abin da ya fara damunsa shi ne yatsun. Da farko in an kwance robar sukan yi sanyi, su yi ta tsikari na ɗan lokaci, su dawo. Daga baya suka fara kai wa Lahadi, yana coci yana murza su a ƙarƙashin littafin waƙa. Wata Litinin ya kama ƙafar keken wani malamin makaranta zai juya, ƙafar ta sulluɓe ta faɗi cikin kwanon ruwa. Bai ji lokacin da ta bar hannunsa ba.

Matarsa Judith ba ta yi masa gardama ba. Sai ta aika wa yayarsa Roseline, wadda take aikin jinya a wani ƙaramin asibiti. Ta zo da yamma da farin takalminta, ta kama hannun, ta ga shatar roba a damtse ta yi baƙi. Ta ɗauki tsinke ta soki kan ƙaramin yatsa.

"Ka ji?"

"Kaɗan."

"Ƙarya kake. Ka ji?"

"Ban ji ba, Adda."

Ta saki hannun a kan cinyarsa. "Gwiwa ta tafi tun kana yaro, ba laifinka ba. Yatsun nan kuwa kai kake kashe su da kanka, kowace Asabar. In suka tafi, da haƙori za ka riƙe keken mutane?"

Judith tana gefe tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba ta ce, "Baban Hope, ƙwallon nan dai ba ta taɓa kawo ko gishiri gidan nan ba."

Ya yarda da su duka biyu. Ya ce ba zai sake ɗaurewa ba. Amma bai ce zai bar ƙwallo ba, kuma su ma sun lura bai faɗa ba.

Akwai wata magana da ya taɓa ji a bakin wani direba, cewa cikin ma'aikatan da aka dawo da su daga Yola bayan an ƙirƙiro jiha akwai wani malamin dabbobi, Malam Njidda, wanda ya yi kwas na alƙalancin wasa har yana da littafin dokoki. Manasseh ya je ofishinsu sau biyu, aka ce ya fita rangadi. Na uku aka ce yana Iware, ranar kasuwar shanu ce. Ya rufe akwatin sifanoni, ya hau kekensa, ya kama hanya da rana tsaka.

Ya same shi a cikin kara, dogon Bafulatani mai furfura a gemu, yana buɗe bakin wani bijimi yana duba dasashi. Manasseh ya tsaya a gefe har aka gama da shanu goma sha wani abu. Sannan ya matsa, ya gaishe shi da Fulatanci.

"Jam na, Malam?"

"Jam. Ina taka saniyar?"

"Ba saniya na kawo ba. Hannu na kawo."

Malam Njidda ya kalli hannun kamar yadda ya kalli bijimin, ba kunya ba tausayi. Ya wanke hannuwansa, suka zauna a inuwar wata mota, Manasseh ya ba shi labari tun daga Imrana har zuwa tsinken Roseline.

"Wa ya ce muku duk taɓawa laifi ne?"

"Haka muka tashi muka tarar."

"Littafi bai ce haka ba. Littafi ya ce wanda ya sa wa ƙwallo hannu da gangan. In ƙwallo ce ta zo ta sami hannu a inda yake, wasa ya ci gaba. In hannu ne ya tashi ya je wurinta, a hura."

Manasseh ya kalli shanun da ake lodawa, ya sake kallon dattijon. "Tun yaushe aka sa wannan?"

"Tun kafin a haife ka."

Wata bakwai na ɗaurin roba ne kawai suka wuce ta gaban idon Manasseh ɗaya bayan ɗaya.

"Amma kada ka yi murna tukuna," in ji Malam Njidda. "Ni ba na ganin zuciya. Motsi nake gani. Sai na ga yadda hannun nan yake yi in ƙwallo ta nufo shi. Yaushe kuke atisaye?"

Ranar Laraba da la'asar ya zo filin makarantar firamare a kan babur ɗinsa, ya tsaya a bayan raga, hannu a baya. Ya sa Manasseh ya yi gudu, ya yi tsalle, ya juya hagu da dama, yana kallonsa yadda yake kallon saniyar da ake zargin tana ɗingishi. Sannan ya ce Job ya tsaya taku goma ya riƙa bugo ƙwallo wajen hannun. Sau shida aka buga. Malam Njidda ya ɗaga hannu aka tsaya.

"Da ni ne rafali, huɗu daga ciki zan hura."

"Malam! Ni da nake guje mata?"

"Gudun ne matsalar. Da ka ga ta taho sai ka fizge kafaɗa baya. Kafaɗa ta tafi baya, gwiwar hannu ta yi gaba, ta mari ƙwallon. Kai ka san tsoro ne. Ni daga inda nake, mari na gani." Ya ɗan taɓa gwiwar da ɗan yatsa. "Shekara nawa ana yi maka ihu a kan hannun nan?"

"Tun ina makaranta."

"To, ya koyi firgita. Sai ka koya masa zama. In ka iya barinsa a inda Allah ya ajiye shi, ƙwallo ta zo ta buge shi bai motsa ba, ni ba zan hura ba, ko filin zai tsage."

Abu ne mai sauƙin faɗa. Ido yana ganin ƙwallo tafe, jiki yana yin abin da ya saba kafin mutum ya yi shawara da shi. Manasseh ya roƙi Job, wanda yake tuƙa motar gidan burodi kuma yakan tashi aiki da wuri, su riƙa haɗuwa bayan la'asar a jikin katangar makaranta. Job ya buga, Manasseh ya fizge. Job ya buga, ya fizge. Suka gwada ya rufe ido, sai aka ga ba ya fizgewa, amma ba a wasa da ido a rufe. Suka gwada ya riƙa kallon ƙafar mai bugu maimakon ƙwallon, kamar yadda ɗan baya ya kamata ya yi tun asali. Nan aka fara samun sauƙi. Damtsen ya kumbura, ya yi shuɗi, ya sace, ya sake kumbura. Judith takan gasa masa da ruwan zafi ba tare da ta ce uffan ba, sai dai ruwan yakan fi zafin da ake bukata.

A tsawon makonni shida da ya yi yana wannan atisaye bai buga wasa ko ɗaya ba, domin Koci Aƙilu ya tsaya a kan maganarsa: ba roba, ba riga. Manasseh yakan zo ya zauna a bakin fili, ya ɗebo wa 'yan wasa ruwa, ya koma gida. Yatsun suka dawo ɗaya bayan ɗaya, ƙaramin ne na ƙarshe.

Sai aka fitar da jadawali: Taurarin Yelwa za su je Sunkani, kuma Malam Njidda ne zai hura. Manasseh ya je shagon Koci, ya tsaya a bakin ƙofa har keken ɗinki ya yi shiru.

"Wasa ɗaya, Koci. In aka hura a kan hannuna, ba sai ka kore ni ba. Da kaina zan kawo maka rigar."

"Sunkani fa ka ce. Imrana fa."

"Shi nake so."

Aƙilu ya cije zare ya tofar. "Wasa ɗaya."

Suka tafi a bayan akori-kura, su goma sha shida da jarkar ruwa. Filin Sunkani ba shi da katanga, mutane sun kewaye shi har kan layi, wasu a kan kekuna, wasu a kan bishiya. Kafin a fara, Malam Njidda ya kira kyaftin biyu da Manasseh tsakiyar fili. Ya yi bayani a hankali, da Hausa, ya maimaita da Fulatanci don kyaftin ɗin Sunkani. Ya nuna hannun, ya nuna inda yake zama. Ya ce kowa ya gaya wa mutanensa: ba a tsayawa sai an ji usur.

Imrana ya leƙo ta bayan kyaftin ɗinsa yana dariya. "A'a, Buta, yau an kwance ka? Sannu da shan iska. Na yi kewar hannun nan, wallahi."

"Yana nan yana jiranka."

Minti ashirin da fara wasa, Imrana ya yanke ɗan baya na dama, ya shigo cikin sha takwas. Manasseh ya tare shi, idonsa a kan takalmin. Ya ga bakin takalmin ya shiga ƙarƙashin ƙwallo. Ya ji kafaɗarsa tana son tafiya, ya riƙe ta. Ƙwallon ta bugi damtsen da ƙara, ta faɗi gefe tana gangarawa. Hannun bai motsa ba.

Filin ya ɗauka gaba ɗaya: "Han! Han!" Malam Njidda ya miƙa hannuwa biyu gaba, alamar a ci gaba. Usur yana rataye a ƙirjinsa.

Sai dai kyaftin ɗin Yelwa ya manta bai gaya wa kowa komai ba. Paul, lamba huɗu, wanda ya sha ganin wannan abu har ya gaji, bai ko waiwayi rafali ba. Ya sunkuya ya ɗauki ƙwallon da hannu biyu, ya buga ta da ƙasa don haushi, ya juyo yana nuna Manasseh da yatsa. "Na faɗa! Na faɗa a bar shi a waje!"

Sannan aka ji usur.

Malam Njidda ya tako a hankali ya nuna wurin fenariti. Ya dubi Paul ya ce, "Wancan ƙwallo ce ta je. Wannan kuwa kai ka je, da hannu biyu, kowa ya gani." Imrana ya yi dariya har ya durƙusa, ya tashi ya buga, Job ya faɗi dama, ƙwallo ta shiga hagu.

Da aka tafi hutu, Koci Aƙilu yana tsaye yana kallon ƙasa, jijiyar wuyansa ta tashi. Manasseh ya sha ruwa, ya zuba saura a damtse, ya riga kowa komawa fili.

Imrana ya sake gwadawa bayan an dawo. Ƙwallon ta bugi hannun, ihu ya tashi, amma bai kai na farko ba, kuma wannan karon babu ɗan Yelwa da ya tsaya. Manasseh ya share ta da ƙafar dama har tsakiyar fili. Karo na uku, saura minti goma, Imrana ya shigo, ya kalli hannun, ya yi ɗan jinkiri kamar mai lissafi, sannan ya juya ya nemi raga kamar kowane ɗan gaba. Jinkirin ya isa. Manasseh ya zare ƙwallon daga ƙafarsa ba tare da ya taɓa shi ba.

"Kai, Buta, ka lalata mini sana'a," in ji Imrana yana haki.

"Ka koyi wata."

Aka tashi ɗaya da nema, Sunkani ta ci. A bayan akori-kura, a hanyar komawa, kowa ya yi jugum. Paul ya takure a lungu ya rufe fuska da riga. Manasseh yana zaune a kan jarka, yana jiran abin da Koci zai ce, domin an yi rashin nasara, kuma ta wajen hannunsa abin ya faro, ko da ba a kansa aka hura ba. Sai da suka hango dutsen Jalingo Aƙilu ya yi gyaran murya.

"Sau nawa ta taɓa ka?"

"Biyu, Koci."

"Sau nawa aka hura?"

"Ba a hura ba."

Aƙilu ya gyaɗa kai, ya daɗe yana kallon hanya. "Asabar mai zuwa ba Malam Njidda ne zai hura ba. Wani malamin makaranta ne, bai san wannan zance ba."

"Zan je in same shi kafin ranar."

"In bai yarda ba fa?"

"Sai in sake komawa."

Koci ya juya wajen lungu. "Paul, buɗe fuskarka, ba mutuwa aka yi ba. Ranar Laraba kai za ka tsaya gaban kowa ka faɗi dokar nan sau goma." Job ne ya fara dariya, sauran suka bi. Ba a sake maganar rigar Manasseh ba, kuma shi bai tambaya ba.

Ya buga wa Taurarin Yelwa shekara biyar bayan wannan, har gwiwar ƙafarsa ta ce ya isa. Ba kowane rafali ne ya yarda ba. Wasu sun saurare shi sun gyaɗa kai, ihu na tashi suka hura. Wani ma ya ce masa littafin Yola daban, na Jalingo daban. Manasseh ba ya musu a fili. Ranar Litinin sai ya rufe akwatinsa da wuri, ya hau keke ya nemi makarantar da mutumin yake koyarwa, ya jira a tashi, ya gaishe shi da ladabi, ya fara daga farko. Akwai wanda sai da ya je masa sau huɗu.

A kakarsa ta ƙarshe, a 1998, an turo wani sabon rafali, saurayi da bai fi wata biyu da gama kwas ba, fararen safa har gwiwa. Yana duba takalman 'yan wasa, Manasseh ya matso kusa da shi.

"Malam, kafin a fara, ina so ka ga yadda nake gudu."

Saurayin ya ɗago, ya kalli hannun, ya kalli takardar sunaye. "Kai ne lamba biyar na Yelwa? An yi mana bayaninka a aji. Je ka tsaya a wurinka, Baba, lokaci yana tafiya."